Yaya Ladi da Mutum na Goma

Mu shida mahaifiyarmu ta haifa a Funtuwa. Yaya Ladi ce ta fari, ni Usaini da abokin tagwaicina muka zo ƙarshe, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta yi tafiya a hankali ba. In an aike ta kasuwa, kafin a gama faɗa mata abin da za ta sayo ta kai zaure. Sai ta dawo da rabin kayan, ta kuma tsaya tana rantsuwa cewa iyakar abin da aka ce mata ke nan. Babanmu direban babbar mota ne mai jigilar auduga, yakan girgiza kai ya ce wannan yarinya an manta ba a sa mata birki ba. Ni kuwa na sha ranƙwashi a hannunta har kaina ya saba. Yau ina da furfura a gemu, amma in ta kira sunana da wata irin murya, ko a waya ne sai na ji na miƙe tsaye.

Shekara goma ta yi tana aikin jinya a ɗakin yara a wani asibiti a Zariya. A can ta auri Jibrin, mutumin da zai iya wuni bai ce uffan ba, har muna tsokanarsa cewa rabonsa na magana ya bayar a matsayin sadaki. Karatu ya kawo shi New York a 1986, ta biyo shi bayan shekara ɗaya, suka kama gida a Parkchester, wata unguwa a yankin Bronx, cikin jajayen benayen nan masu kama da juna da baƙo ke ɓata a tsakaninsu. Takardunta na jinya ba su yi mata amfani a nan ba, aka ce sai ta sake karatu daga farko. Ta yi fushi na kwana biyu, a rana ta uku ta je ta shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ni na iso a 1989, na sauka a falonsu, na kama tuƙin tasi.

Kamfanin da ke tura ta aiki ya sha kiranta ofis. Kada ta riƙa yi wa tsofaffi faɗa, kada ta kai musu abincin gidanta, kada ta wuce lokacin tashi. Sai ta ce to, ta fito ta ci gaba da abinta. A wurinta duk tsohon da aka damƙa mata ya zama Baba, duk tsohuwa ta zama Iya, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta bar ubanta da jiƙaƙƙen wando don agogo ya buga biyar ba. Abin da ya hana a sallame ta shi ne tsofaffin da kansu suke bugo waya, su ce in ba mai ɗankwalin nan mai faɗa ba ce, kada a turo musu kowa.

Wanda ta fi daɗewa da shi Baba Zelik ne, wani Bayahude ɗan gajere, tsohon tela, ɗan asalin ƙasar Poland. Ya haura tamanin, matarsa ta rasu, ba su taɓa haihuwa ba. Ranar farko a kan cokula suka yi rigima. Ashe a gidansa kwanukan nama daban, na madara daban, ita kuwa ta haɗa su duka a ruwa ɗaya ta wanke tas, ta tsaya tana jiran yabo. Ya yi ihu, ta yi ihu. Kafin wata ya zagayo ta fi shi tsanani, ko shi ne ya kuskura ya ɗauki cokalin nama zai juya shayi mai madara sai ta buge masa hannu. Wata rana ta dawo gida tana ta murna.

"Jibrin, mutumin nan ba ya cin alade. Ba ya cin nama sai yankakke. Hula ba ta barin kansa, kuma gabas yake kallo in zai yi addu'a. Ai wannan na gida ne!"

Jibrin ya ce, "To."

Daga bakinta na fara jin Yom Kifur, babbar ranar tubarsu da ke zuwa sau ɗaya a shekara. Azumin ne ya fi ɗaure mata kai. Mu faɗuwar rana muke jira mu sha ruwa, su kuwa a lokacin suke kame baki, ba ci ba sha har rana ta sake faɗuwa taurari su fito. Ba sahur, ba komai. Ranar ba sa shiga mota, ba sa hawa lifta, ba sa taɓa waya ko makunnin wuta. Sai ka ga dattijo ya sha farar riga har gwiwa, a ƙafarsa kuwa takalmin kambas irin na 'yan makaranta, don ba a sa na fata. Kafin ranar ta zo kowa sai ya bi waɗanda ya ɓata wa ya nemi gafara, domin sun ce Allah yana yafe abin da ke tsakaninka da shi, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Nan Yaya Ladi ta tafa hannu ta ce ai wannan ma karatunmu ne.

Baba Zelik yana da nasa nauyin daban a ranar. Iyayensa da 'yan'uwansa duk an kashe su a yaƙin duniya na biyu, shi kaɗai ya fita. Bai san ranar da suka mutu ba, bai san inda aka binne su ba. Al'adarsu kuwa duk shekara in ranar rasuwar naka ta zagayo, sai ka tsaya cikin jama'a ka yi wata addu'a ta musamman saboda shi, jama'a suna amsawa. Da yake ba shi da rana, sai ya ɗauki Yom Kifur ya ba su gaba ɗaya. Addu'ar ba ta yiwuwa sai maza goma sun hallara. Tun da ya sauka daga jirgin ruwa a 1947 bai taɓa fashi ba, kuma ya sha gaya wa Yaya Ladi cewa wannan kaɗai ya rage da yake iya yi musu.

Sai dai unguwa ta canza. Yahudawan da suka cika ta a da, wasu sun mutu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa bayan gari, mu da sauran baƙi muka maye gurbinsu. Majami'arsu, wadda Yaya Ladi ke kira masallacinsu, wani ɗaki ne tsakanin shagon wanki da kantin kayan miya, layi biyu daga gidan Baba Zelik. Kujeru sun kai ɗari, amma a 1992 maza goma cif suka rage.

Ranar Laraba ce, farkon Oktoba. Wajen sha ɗaya na safe ina fake a gindin gadar da jirgin ƙasa mai lamba shida ke bi ta sama ina jiran fasinja, sai na hango ɗankwali yana keto mutane. Kafin in sauke gilashi ta buɗe ƙofa ta faɗo ciki.

"Usaini, ajiye aikin nan. Emergency ne."

"Wa ya mutu, Yaya?"

"Ba wanda ya mutu, amma in ka ƙara yi min tambaya za a samu."

Tana haki ta ba ni labari. Ɗaya daga cikin goman ya zame a banɗaki ranar Litinin, ƙugu ya karye, yana asibiti. Jiya da magariba da aka shiga azumi su tara suka taru. Yau da safe ma tara. Ta raka Baba Zelik majami'a, duk hanya bai yi mata gardama ko sau ɗaya ba, abin da ya tayar mata da hankali ke nan. In rana ta faɗi ba su cika ba, shekarar ta wuce ba a yi wa mutanensa addu'a ba.

"Na ce masa me ya rage, ya ce mutum ɗaya. Mutum ɗaya, Usaini! A garin da mutane ke taka juna a jirgin subway!"

"To me za mu yi?"

"Ka je gida ka sa farar rigarka ta Juma'a da hula. Ka ɗauko Jibrin daga office da tasa rigar. Ka biya Morris Heights ka ɗauko Abukari, Hamidou kuma ka san inda tebur ɗinsa yake. Ɗaya suke nema, zan kai musu huɗu su zaɓa."

Ba zan ɗora mata laifin ita kaɗai ba, ni ma ban ga aibun shawarar ba. A Funtuwa in aka yi rashi a gidan maƙwabci, wa yake jiran gayyata? Ka sa hularka ka je ka zauna a tabarma, ka cika wa mutum taro. In sahu bai cika ba, duk wanda ya shigo ya shiga. Wallahi har wani daɗi na ji, na tada mota ina jin yau za mu yi abin kirki.

Abukari ɗan zangon Kumasi ne, ƙato, aikinsa kwasar kaya in mutane za su canza gida, shi kaɗai yake rungumar firij ya hau bene da shi. Hamidou ɗan Maraɗi ne, siriri, yana sayar da agogo da tabarau a bakin titi. Dukansu sun ci tuwon Yaya Ladi da yawa, ba su da bakin cewa a'a. Amma kafin in tattaro su, kowa ya nemo riga ya goge, Hamidou ya feshe mu da turare har muna tari, ƙarfe uku ta yi.

Muka isa ƙofar majami'a mu huɗu, farare fat, kowa da hularsa. Muka cire takalma muka jera su a bakin ƙofa kamar yadda ya kamata, muka shiga da sallama, Yaya Ladi a gaba. Tsofaffi tara suna zaune a warwatse suna hutu tsakanin addu'o'i, leɓuna sun bushe, ido ya faɗa. Ta nufi Baba Zelik ta ce masa da Turanci, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Baba, ga mutane na kawo maka. Ƙirga!"

Tsofaffin suka zuba mana ido. Wani tsoho ya fara dariya, azumi ya hana ta fita, ta koma tari. Mai ja musu addu'a, wani dogo mai tabarau, tsohon malamin makaranta, ya taso ya zo wurinmu. Da farko ya roƙe mu mu sa takalmanmu, ya ce simintin da sanyi. Sannan ya yi mana godiya, ya gaisa da mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce cikin taushin murya goman nan sai Yahudawa.

"Dukansu suna salla," in ji Yaya Ladi. "Babu mai shan giya. Wannan mijina ne, digirinsa biyu. Wancan ƙaton shi kaɗai ya kai mutum biyu."

"Na yarda, 'yata. Amma doka ce, ba ni na kafa ta ba."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse. Ga ni ƙato da babbar riga, takalmi a hannu, ina ƙamshin turaren bakin titi a tsakiyar ibadar mutane. Jibrin ya riga ya fara ja da baya. Yaya Ladi kuwa ko gezau, sai ma ta riƙe ƙugu.

"To duk Bronx ɗin nan Yahudawa sun ƙare ne?"

Mai tabarau ya ce akwai su, amma da nisa, kowa yana tasa majami'ar, su kuma yau ba waya ba mota. Ta ce kusa fa? Sai tsofaffin suka kalli juna, sannan duk suka kalli Baba Zelik. Wani daga baya ya ce, "Akwai Mendil." Baba Zelik ya sunkuyar da kai.

Nan muka ji labarin. Mendil da Baba Zelik jirgi ɗaya ya kawo su, shekara ashirin suna ɗinki a teburi ɗaya. 'Yar Mendil ta auri wani ɗan Italiya Kirista. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a ɗakin nan, aka kira Mendil ya riƙe littafi mai tsarki, sai Baba Zelik ya miƙe a gaban kowa ya ce wanda ya kasa riƙe gidansa bai kamata ya riƙe littafin Allah ba. Mendil ya naɗe mayafin addu'arsa ya fita, bai ƙara takowa ba. Daga baya shanyewar jiki ta cinye masa ƙafafu, yana hawa na shida a wani bene can wajen Soundview.

Yaya Ladi ta juya. "Baba, kai ka faɗi haka?"

Ya gyaɗa kai.

"Kuma kai ne kake zaunar da ni kana ba ni labarin neman gafara? Za mu haɗu a gida."

Mai tabarau ya ɗaga hannu. "Ku ji, ba mu da ikon ce muku ku je. Yau haramun ne mu sa wani ya yi mana aiki."

"Wa ya ce ka sa ni? Tambayi waɗannan, ni ana sa ni ne?"

Dattijon ya cire tabaransa, ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki, ya ambaci sunan titi da lambar gida a hankali, kamar mai magana da kansa. Kafin ya mayar da tabaran muna cikin mota.

'Yar ce ta buɗe mana ƙofa, Esta, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, ita take zuwa kullum tana kula da uban. Ta ga maza huɗu da manyan riguna, ta kusa mayar da ƙofa, Yaya Ladi ta riga ta sa ƙafa. Mendil yana zaune a keken guragu a bakin taga, babban mutum mai farin gemu, sanye da farar rigarsa, littafi a cinya, yana azuminsa shi kaɗai. Yaya Ladi ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta zayyana masa komai. Ya saurara har ta gama.

"Shekara goma sha ɗaya yana da ƙafa," ya ce. "Sai yau da ya rasa mutum ya tuna da ni?"

"Bai ma tuna da kai ba, Baba. Ni na kawo kaina."

"To ki mayar da kanki."

Ta yi, ta yi, ya ƙi. Agogon bango ya wuce huɗu da rabi. Na fara yi mata alama mu tafi, ta harare ni. Sai ta matsa ta dafa hannun kekensa, ta sauke murya, abin da ban saba ji ba.

"Shi ya ɓata maka, na ji. Ni ma zan yi maganinsa. Amma uwarsa fa, me ta yi maka? Ita ce yau za ta kwana ba addu'a."

Mendil ya juyo ya dube ta. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Mota ba zan shiga ba. Lifta ba zan hau ba. Kuma ba zan roƙi kowa ya ɗauke ni ba."

Abukari ya riga ya fara naɗe hannun riga. "Yoo, Hajiya," ya ce, "ki ce masa piano ya fi shi nauyi."

"Da sharaɗi," in ji Mendil. "Bakin ƙofa za ku kai ni. In bai nemi gafarata a gaban mutanen da ya ci mutuncina a gabansu ba, ku dawo da ni inda kuka ɗauko ni."

Hawa shida! Matakala ce mai ƙunci, kowane hawa da lanƙwasa biyu. Abukari ya shiga ƙasa ya ɗauki nauyin a ƙirji, ni da Jibrin muka kama ta sama, Hamidou ya wuce gaba yana ta "Doucement, doucement!", wato a hankali da Faransanci, ba tare da ya taɓa komai ba. Yaya Ladi tana bayanmu tana ba da umarni, ku karkata, ku ɗaga, Usaini kai ba ka ci abinci ba ne? A hawa na huɗu rigar Jibrin ta maƙale a ƙarfe ta yage tun daga kafaɗa har ƙasa, ya dube ta ya ce, "To." Maƙwabta suka fito ƙofa-ƙofa suna kallo, wata tsohuwa tana ta yi mana addu'a da Sifaniyanci. Da muka dire keken a ƙasa, Hamidou ya dubi agogunan da ke jere a hannunsa ya ce biyar da ashirin da biyar. Rana za ta faɗi kafin shida da rabi, ga tafiya ta kusa mil biyu.

Na bar motata a inda take, ko kulle ta ban tuna na yi ba. Muka hau Westchester Avenue, ƙarƙashin gadar jirgi, muka miƙe. Kowa zai tura layi biyu ya ba na gaba. Da farko Mendil ya riƙe hannun keke gam yana cewa a hankali, za ku kashe ni. Yaya Ladi ta tsere mana gaba, duk mahaɗar da muka zo sai ta faɗa tsakiyar titi ta ɗaga mayafinta, motoci su ci birki, direbobi su zazzage mata zagi, ta mayar musu da Hausa. Esta tana biye da mu da gudu, takalmanta a hannu. Jirgi yana wucewa a samanmu ƙasa tana girgiza, rana tana leƙowa ja tsakanin ginshiƙai, Hamidou yana shela kamar mai gwanjo: "Shida saura kwata! Vite, vite, maza-maza!"

Mutanen bakin shaguna suka fara tafi, ba su san me ake yi ba. Wani direban bas ya tsayar da motarsa ya tare motocin hanya guda don mu wuce, yana danna ham. Takalmina ɗaya ya fita, ban waiwaya ba. Da juyi ya zo kan Abukari, ya tattare rigarsa ya cusa a wando, ya kama keken ya cilla da gudu, gemun Mendil ya rabu biyu a iska. Sai na ji tsohon nan yana ihu. Na zaci tsoro ne, na matsa kusa, ashe cewa yake yi, "Da sauri! Da sauri!" yana dukan hannun keke yana dariya. Shekara biyu rabonsa da titi. Ni ma na kama dariya ina gudu, ƙirjina kamar zai fashe, kuma tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin farin ciki irin na wannan gudun ba.

Shida da kwata muka sha kwanar shagon wanki. Ƙofar majami'a a buɗe, muryoyin tsofaffi suna fitowa a gajiye, sun shiga addu'ar ƙarshe, wadda suke cewa a lokacinta ake rufe ƙofofin sama. Saura taki ɗaya mu shiga, Mendil ya sa hannu ya ja birkin kekensa. Dariyar nan ta ɗauke daga fuskarsa. Abukari ya kalle ni, na kalli Yaya Ladi.

Ta shiga ta kamo hannun Baba Zelik. Addu'a ta tsaya. Ya taho da sandarsa a hankali, sauran takwas suna biye da shi, har ya tsaya a gaban keken. Da Turanci ya yi magana, ina jin don kowa ya shaida ne.

"Mendil, in na taɓa ɓata maka..."

"In?" in ji Yaya Ladi a kunnensa. Na ga yatsunta sun shiga damtsensa.

Ya haɗiye yawun da babu. "Na ɓata maka. Na ci mutuncinka a gaban jama'a. Ka yafe min."

Mendil ya kawar da kai, hannunsa yana kan birki. Hamidou ya raɗa min saura minti tara. Raina ya ɓaci, har na ji in ɗauki tsohon nan da kekensa in jefa ciki, kowa ya huta. Sai Baba Zelik ya ɗaga ido ya ga Esta a bayanmu, ba takalmi, gashi a hargitse, tana haki. Ya daɗe yana kallonta. Ya ratsa ta gefen keken ya je gabanta.

"Ke na fara ɓata wa," ya ce. "Ni na ɗinka miki rigar shiga makaranta, kuma ni na tsaya a ɗakin nan na mayar da ke abin kunya. Ga shi ke ce kike riƙe da ubanki, ni kuwa ban taka ƙofarsa ba. Ki yafe min, 'yata."

Esta ta rufe baki da hannu, hawaye suna zuba, ta gyaɗa kai. Sai muka ji ƙaras, Mendil ya saki birki. Abukari bai jira komai ba, ya ɗaga keken da mutumin ciki ya tsallake dokin ƙofa ya dire. Yaya Ladi ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa, tsofaffi tara suka zabura, mai tabarau ya dafe ƙirji.

Ba su ɓata lokaci ba. Aka tura Mendil gaba, Baba Zelik ya jingine sandarsa ya dafa hannun keken ya tsaya. Mu muka tsaya a bakin ƙofa daga waje. Kafin Baba Zelik ya fara sai ya ambaci sunaye, ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa bayan kowanne. Na ga Yaya Ladi tana lanƙwasa yatsu. Sannan ya ja addu'ar da 'yar siririyar muryarsa, tara suna amsa masa, muryar Mendil ta fi ta kowa ƙarfi. Da ya kai ƙarshe na waiwaya, akwai sauran jan rana a saman benen da ke tsallaken titi.

Yaya Ladi ta zauna a kan dakalin shagon wanki. Ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar da babanmu ya rasu ita ce mai ba mutane haƙuri. Ranar na gani.

"Bakwai ne, Usaini," ta ce. "Shekara huɗu ina yi masa wanka, ina yi masa faɗa, ban taɓa tambayarsa su nawa ba ne."

Muna nan zaune har duhu ya fara, aka busa ƙahon rago a ciki, azumi ya ƙare. Suka fito da burodi da kifi da lemo suka tilasta mana sai mun ci tare da su. Mendil ya yarda ya shiga mota tunda ranar ta wuce, sai a lokacin na tuna tawa tana Soundview.

Washegari Yaya Ladi ta je aiki da takarda da biro, ta zaunar da Baba Zelik ta ce ya rubuta mata sunayen nan. Ya rubuta da rubutunsu, ta sa ya maimaita mata har ta iya faɗa. Bai ga wani Yom Kifur ɗin ba, ya rasu watan Maris, Mendil yana gefen gadonsa. Kafin shekara ta zagayo an rufe majami'ar.

Ta ci gaba da aikinta, ta yi karatun da ta ƙi a da, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti, 'yan aikin suna jin takunta suna gyara tsayuwa. Amma duk shekara, jajibirin Yom Kifur da la'asar, sai ta kira ni da muryar nan. In kai ta wata majami'a a arewacin Bronx inda har yanzu suke da jama'a, ta tsaya a bakin ƙofa, ta tare duk dattijon da ya yi mata kama da mai riƙon amana, ba za ta sake shi ba sai ya yi alkawarin zai tsaya ya yi addu'ar. Sannan ta kwafa masa daga takardarta ta ba shi. Sunaye takwas ne yanzu a jiki, na ƙarshen, na Baba Zelik, ita ta rubuta shi da hannunta.